Mazubin Talla a Gwanjon Intanet: Siffanta Haja ga Wanda Bai Gan Ta Ba

GABATARWA

A ranar 30 ga watan Janairu na shekarar 2023 aka yi bikin buɗe Tashar Dala ta kan tudu a garin Zawaciki, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso ta Jihar Kano. Tun a shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa irin waɗannan tashoshi a wurare shida na ƙasar nan, Kano na cikinsu. A shekarar 2022 kuma aka ba ta Zawaciki matsayin tashar da kaya za su iya tashi daga cikinta zuwa ƙasashen waje, su kuma sauka a cikinta, tamkar dai tashar Apapa ta Ikko. Ba ta da nisa da masana'antun Challawa da na Sharada, tana kuma iya ɗaukar kayan na Bompai.

Kwantenar da ake lodi a irin wannan tasha akwati ne rufaffe. Mai banki da jami'in Kwastan da ɗan kasuwan da ke jira a wata ƙasa duk da takarda suke aiki, watau da bayanin da wani ya zauna ya rubuta game da abin da ke ciki. Haka al'amarin yake a gwanjon intanet, inda mutum yake taya abin da bai taɓa da hannunsa ba, bisa ga 'yan layukan rubutu da hotuna. Wanda yake sayar da abu ɗaya a shekara yana iya tsara bayaninsa yadda ya ga dama. Amma mai sayar da kaya hamsin a mako, ko ma'aikacin da aka ɗora wa rubuta jerin motocin gwamnati da za a yi gwanjonsu, tilas ne ya nemi wani tsari da zai riƙa maimaitawa. Wannan tsari shi ne aka kira mazubin talla a wannan lacca. Za a duba asalinsa a kasuwancin Hausawa, da yadda ake gina shi, da amfaninsa, da kuma wuraren da yakan jefa mai shi cikin asara.

GWANJO A ƘASAR HAUSA

Kalmomin ciniki na Hausa suna ɗauke da tarihin mutanen da Hausawa suka yi hulɗa da su. Dillali da la'ada daga Larabci suka zo. Ita kuwa kalmar gwanjo, masana harshe na danganta ta da kalmar Yarbanci mai ma'anar sayarwa ga wanda ya fi tayi, kuma ba ta da alaƙa da Gwanja, ƙasar da fatake suke zuwa saro goro. Da tafiya ta yi nisa sai ma'anarta ta faɗaɗa, har ta kai ga tufafin da aka riga aka sa, irin waɗanda ake kasawa a kasuwar Ƙofar Wambai.

A kasuwa irin ta Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ciniki yana da matakai sanannu. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har a kai ga sallamawa, dillali ya karɓi la'adarsa. A gwanjo kuwa masu taya ne suke da yawa, ɗan gwanjo yana ɗaga kaya yana maimaita tayin ƙarshe har a rasa mai ƙarawa. Wanda ya saurari dillalin shanu a kara, kamar ta Wudil, zai lura cewa maganarsa tana bin hanya guda a kowace dabba: irinta, da shekarunta, da haƙoranta, da inda aka kawo ta, da hannun wanda ta fito. Jerin ba ya sakewa, amsoshin ne suke sakewa. Da wannan jeri yake iya magana da sauri ba tare da ya tsallake abin da mai saye zai tambaya ba.

Sai dai a irin wannan kasuwa bakin dillali yana da mai tsaronsa, watau idon mai saye. Idan ya ce sa lafiyayye ne, ga sa nan a tsaye, ana iya buɗe bakinsa, a kora shi a ga tafiyarsa. Gani ya kori ji. Wannan ne ya sa Bahaushe yake kiran sayen abin da ba a gani ba cinikin biri a sama.

HUKUNCIN SAYEN ABIN DA BA A GANI BA

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tunkarar wannan matsala, domin fataken zamaninsu ma da diloli ɗaurarru suke yawo. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wanda ya rasu a shekarar 795, akwai babi a kan sayarwa bisa barnamaji. Barnamaji takarda ce da aka rubuta abin da ke cikin dila: yawan tufafin, da irinsu, da awonsu. An halatta a sayi dila bisa ga wannan takarda ba tare da an kwance ta ba, saboda kwance wa kowane mai taya yana ɓata kaya, yana kuma wahalar da mai su. Idan aka buɗe aka tarar kaya sun dace da takarda, ciniki ya tabbata. Idan sun saɓa, mai saye yana da zaɓi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun zaure na Kano har gobe, ta kawo wannan hukunci, tare da sharaɗin cewa siffar ta zama sananniya.

Akwai wasu hukunce-hukunce biyu da suka shafi wannan batu. Na farko, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani a jikin hajarsa, kuma malamai sun ce ya fayyace shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule shi cikin magana ta gaba ɗaya. Na biyu, sayarwa ga wanda ya fi tayi halal ce, amma an hana najashi, watau mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wasu su ƙara.

Dokar ƙasa ma ta bi wannan hanya. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018 ta hana siffanta kaya da bayanin da zai ɓatar da mai saye, ta kuma ba shi damar mayar da kayan da aka sayar masa bisa siffa idan suka saɓa mata. Saboda haka abin da aka rubuta a talla alkawari ne da za a iya kama mutum da shi, a gaban alƙali da kuma a gaban hukuma.

YADDA GWANJO YA KOMA INTANET

A watan Satumba na shekarar 1995 wani mai ilmin kwamfuta a Amurka, Pierre Omidyar, ya buɗe dandalin da daga baya, a 1997, aka sa wa suna eBay. Daga cikin abubuwan farko da aka sayar a wurin akwai 'yar fitilar nuni irin wadda masu lacca suke haska allo da ita. Ta lalace, an kuma faɗa a tallar cewa ta lalace, duk da haka aka saye ta a kan dala 14.83. Tsarin dandalin shi ne mai kaya ya sa bayani da hotuna da farashin farawa, ya zaɓi tsawon gwanjon, daga kwana 1 zuwa kwana 10, wanda tayinsa ya fi a lokacin rufewa shi ne ya saya. Idan kaya suka iso hannunsa suka saɓa wa bayanin, yana da ikon kai ƙara ga dandalin a mayar masa da kuɗinsa, ko da mai sayarwa ya rubuta cewa ba ya karɓar mayarwa.

A Nijeriya, babban misali shi ne na Hukumar Kwastan. A watan Yuli na shekarar 2017, a zamanin shugabancin Kanar Hameed Ali, hukumar ta mayar da gwanjon kayan da aka kama da waɗanda suka wuce wa'adi a tasha zuwa intanet, da nufin kowa ya sami damar taya a fili. An buƙaci mai taya ya kasance yana da lambar biyan haraji, ya kuma zuba naira 1,000 ta shiga. A watan Janairu na 2024 aka sake buɗe dandalin bayan an sabunta shi, a ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi. Ta wannan hanya ɗan kasuwan da ke zaune a Kano yana iya taya motar da ke ajiye a Ikko ko Seme.

Ya kamata a bambanta gwanjo da dandalin talla irin Jiji, wanda aka kafa a Ikko a 2014. A can mai kaya yakan sa farashi ne a kira shi a yi ciniki, a haɗu a duba. Haka nan masu sayarwa ta Facebook da WhatsApp, waɗanda wasunsu kan sa lokacin rufe tayi. Duk waɗannan suna amfana da mazubi, amma a gwanjo ne buƙatarsa ta fi tsanani, domin da zarar agogo ya buga, tayi ya zama ciniki, babu sauran damar tambaya.

MENE NE MAZUBIN TALLA?

Masu zubin tukunyar alminiyom suna da samfuri guda da suke fitar da siffa da shi a cikin ƙasa, sa'an nan su narka ƙarfe su zuba. Samfurin yana nan kullum, ƙarfen kuwa sabo ake narkawa a kowane zubi. Mazubin talla ma haka yake. Rubutu ne da ake tsarawa sau ɗaya, a adana a kwamfuta ko waya, ko a cikin dandalin kansa, domin manyan dandali kamar eBay sun tanadi wurin ajiye shi. Duk lokacin da sabuwar haja ta zo sai a buɗe shi a cike. Yana da sassa biyu, kuma sanin iyakar da ke tsakaninsu shi ne kan aikin.

Sashe na farko shi ne tabbatacce, wanda ya shafi mai sayarwa da sharuɗɗansa. A cikinsa ake rubuta:

1. Sunan kamfani ko ma'aikata, da wurin da kayan suke ajiye.
2. Ranaku da lokutan da mai taya ko wakilinsa zai iya zuwa dubawa.
3. Hanyar biyan kuɗi, da wa'adin biya bayan an rufe gwanjo.
4. Wa'adin kwashe kaya, da wanda zai ɗauki nauyin lodi da dako, da kuɗin ajiya idan an makara.
5. Sharaɗin mayarwa, da wanda zai biya kuɗin komowar kayan.
6. Ma'anar darajojin da ake amfani da su, kamar daraja ta ɗaya da ta biyu.

Sashe na biyu gurabe ne da ake bari a buɗe, domin sun shafi hajar da ke hannu ita kaɗai:

1. Kan talla, watau sunan abin da irinsa da wanda ya ƙera shi.
2. Yawa, da awo, da nauyi.
3. Lambar da ta keɓanta da shi, da shekarar ƙira.
4. Halin da yake ciki, da ranar da aka duba shi, da wanda ya duba.
5. Aibobin da aka gani, ɗaya bayan ɗaya.
6. Hotunansa na ainihi, har da na wurin aibin.
7. Farashin farawa, da rana da sa'ar rufewa.

Kan talla yana bukatar kulawa ta musamman, saboda shi ne injin bincike yake karantawa, kuma wurinsa ƙanƙane ne. A eBay haruffa 80 kawai aka ba shi, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Mai hankali yakan tsara jerin da zai riƙa bi, alal misali sunan abu, sai maƙeri, sai lamba, sai girma, sai hali, ya bar kalmomin yabo, tun da babu mai neman kaya da yake rubuta "gangariya" ko "sai wanda ya gani" a wurin bincike.

MISALAI DAGA MASANA'ANTUN KANO

Mazubi ɗaya ba ya ɗaukar kowace irin haja, domin tambayoyin mai sayen fata daban suke da na mai sayen inji. Misalai uku za su bayyana wannan.

Na farko shi ne fata. Majemun Challawa da Sharada suna sarrafa fatu da ƙiraga, ciki har da fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take biyowa kafin ta isa gare su. Mazubin fata dole ya tanadi gurbin irin dabbar, da matakin jima, ko an tsaya rabi ko an gama, da faɗi a ƙafa murabba'i, da kauri a milimita, da launi. Gurbin aibi kuwa ya ambaci abubuwan da majemi ya sani da sunayensu: yankan wuƙa wajen fiɗa, tabon lalas, cizon kaska, tabon kirci. Idan jaka ce ko takalmi na fatar mesa ko kada, akwai ƙarin gurbi na takardar izini, domin yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta ɗora sharuɗɗa a kan fitar da irin waɗannan fatu. Wanda ya manta da wannan yana iya sayar da kaya, a riƙe su a filin jirgin wata ƙasa.

Na biyu shi ne inji. Tun daga shekarun da suka biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga kuma matsalar wutar lantarki, masana'antu da yawa a Sharada da Bompai da Challawa suka rage aiki ko suka rufe, injunansu suka shiga kasuwa. Kowane inji yana da ɗan farantin ƙarfe a jikinsa mai ɗauke da sunan maƙeri da lamba da ƙarfi da irin wutar da yake sha. Mazubi ya umarci mai cikewa ya kwafe wannan faranti, ya kuma ɗauki hotonsa. Wutar Nijeriya mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka 60, kuma injin da aka ƙera domin ɗaya ba ya gudu daidai a kan ɗayar. Sa'an nan akwai tambayar da ta fi kowace tsada: yaushe aka tayar da shi na ƙarshe, kuma wa ya gani? Tsakanin "yana aiki" da "yana aiki sa'ad da aka kashe shi shekara shida da suka wuce" akwai miliyoyin naira.

Na uku shi ne motar gwamnati, kuma wannan ya fi shafar ma'aikata. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi sashe a kan yadda za a rabu da kadarorin hukuma, ta kuma sa gasa a fili ta zama ginshiƙin hanyar. Jerin da jami'in sito ko na sufuri ya rubuta shi ne masu taya za su karanta, shi ne kuma masu binciken kuɗi za su riƙe daga baya. Mazubinsa ya ƙunshi lambar shasi, wadda tun 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da alƙaluma 17, da lambar inji, da abin da ma'aunin tafiya ya nuna, da ko tana tashi, da sassan da aka cire. Idan motar ba ta da giyabos, a rubuta haka ƙarara. Ma'aikacin da ya rubuta "ba ta da amfani" a kan mota mai lafiya ya jawo wa baitulmali asara, wanda kuma ya rubuta "tana da kyau" a kan gwangwani ya jawo wa ma'aikatarsa shari'a.

AMFANIN MAZUBI

Amfani na farko da kowa yake gani shi ne sauƙi. Sharuɗɗan biya da dako, waɗanda suke cin lokaci, an riga an rubuta su, an duba su a natse, wataƙila ma lauya ko malami ya gani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu shi ne tunatarwa. Gurbin da aka bari a buɗe tambaya ce da take jiran amsa. Yaron kanti da aka ɗauka jiya, wanda bai san cewa ana auna kaurin fata ba, mazubi zai tilasta shi ya je ya auna. Ta haka ilmin maigida yake shiga cikin takarda, ya ci gaba da aiki ko ba ya nan.

Na uku shi ne adalci tsakanin masu taya. Idan kaya arba'in duk an siffanta su da tsari guda, ana iya kwatanta su, kuma babu wanda zai ce an ɓoye masa abin da aka gaya wa wani a gefe.

Na huɗu ya shafi farashi. A shekarar 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi nazarin kasuwar tsofaffin motoci. Ya nuna cewa idan mai saye ba ya iya rarrabe mai kyau da maras kyau, sai ya taya kowace a farashin tsaka-tsaki. Mai mota ta ƙwarai sai ya ga an raina masa ya janye, kasuwa ta cika da tarkace, farashi ya ƙara faɗuwa. Mai sayarwa da aka san shi da faɗin aibin kayansa yana fitar da kansa daga wannan rami, domin ranar da ya ce babu aibi za a yarda da shi, a taya da ƙarfi.

INDA MAZUBI YAKE CUTARWA

Duk wannan amfani yana iya juyewa, kuma ta hanyoyi sanannu yake juyewa.

Hanya ta farko ita ce ragowar jiya. Yawancin dandali suna ba da damar kwafe tsohuwar talla a yi sabuwa da ita. Mai gaggawa sai ya kwafe tallar janareton da ya sayar makon jiya, ya sake hoto da farashi, ya manta da layin da ya ce an sake masa mai da batir. Bai yi niyyar ƙarya ba, amma ƙarya ta fita da sunansa, kuma mai saye yana da hujja a rubuce. Maganin wannan shi ne a riƙa farawa daga mazubi fanko kowane lokaci.

Hanya ta biyu ita ce cike gurbin hali tun da wuri. Wasu sukan adana mazubi da kalmomin "lafiya lau" ko "babu aibi" a ciki, da nufin za su gyara idan an sami akasi. Wannan ya mayar da shaida ta zama al'ada. Abin da ya dace shi ne a rubuta A CIKE da manyan baƙaƙe a kowane gurbi, yadda ido ba zai tsallake ba, a kuma kafa doka cewa wanda ya tsaya a gaban kayan shi ne zai cike gurbin hali da na aibi, ya sa sunansa da kwanan wata.

Hanya ta uku ita ce fakewa da jumla guda, kamar "an sayar yadda yake". Wannan magana tana da wurinta a kayan da mai sayarwa bai san cikinsu ba, muddin ya faɗi haka, ya kuma ba da damar dubawa. Amma ba ta wanke wanda ya san aibi ya yi shiru, kamar yadda aka gani a hukuncin malamai na hana dunƙule aibi.

Hanya ta huɗu ita ce tsufan sashen da aka ɗauka tabbatacce ne. Kuɗin dakon da aka rubuta a farkon 2023 bai kai ko'ina ba bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na wannan shekara, kuma wanda mazubinsa ya ce dako kyauta ne, daga aljihunsa ya cika. Dokokin dandali ma suna sakewa. A watan Yuni na 2017 eBay ta daina barin wasu nau'o'in ƙawa masu motsi a cikin talla, mazubai masu yawa suka lalace a idon masu saye. Saboda haka a rubuta ranar da aka duba mazubi a ƙasansa, a sa wa'adin sake dubawa, a kuma buɗe talla a waya kafin a sake ta, tun da ta waya mafi yawan mutane za su gan ta.

MATSALAR HARSHE

Akwai kalmomin kasuwa da kowa yake amfani da su, amma kowa da abin da yake nufi. Sabo fil, na hannu, kwance, ɗan Kwatano, Beljiyam: a baki ana fahimtar juna, domin kayan suna gaba. A rubuce kuwa ya kamata sashen tabbatacce ya fassara kowace daraja da abin da za a iya gwadawa, alal misali cewa daraja ta biyu tana nufin an yi amfani da abin, yana aiki, yana da ƙarzuwar da aka nuna a hoto.

Haka ma'auni. Kwano da mudu da tiya suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, buhu ma ba nauyinsa ɗaya ba. Wanda zai sayar da riɗi ko zoɓo daga Dawanau ga mutumin da ke wata ƙasa sai ya rubuta kilo. Mai atamfa ya faɗi yawan yadin da ke cikin turmi. Mai takalmi ya faɗi ko lambar Turai ce ko ta Ingila, domin 42 a can ita ce wajen 8 a nan.

Rubutu ma yana da tasa rigimar. Injin bincike baƙaƙe yake gwadawa, kuma ba lalle ne ya gane cewa Zawaciki da Zawachiki gari ɗaya ne ba, ko ƙarfe da karfe abu ɗaya ne. Dabarar ita ce a kiyaye ƙa'idar rubutun Hausa a cikin bayani, a kan talla kuwa a yi la'akari da yadda masu nema suka saba rubutawa. Idan mazubi yana da harshe biyu, Hausa da Ingilishi, ko Hausa da Faransanci domin abokan ciniki na Maraɗi da Damagaram, a tabbata an gyara su tare, a kuma faɗi wanda za a koma gare shi idan suka saɓa.

KAMMALAWA

An ga cewa siffanta haja da tsari guda tsohon abu ne a kasuwancin Hausawa, daga jerin da dillali yake bi a kara zuwa barnamajin da malamai suka yi wa hukunci. Abin da intanet ta ƙara shi ne nisa da yawa da sauri, ta kuma raba mai saye da damar dubawa da idonsa. A wannan hali mazubi yana ɗauke wa mai sayarwa wahalar maimaita sharuɗɗa, yana kuma tuna masa tambayoyin da suka wajaba. Duba kayan kuwa yana nan a wuyansa, haja bayan haja.

Ga ɗalibai, musamman masu nazarin Hausa, akwai fili a nan na tattara kalmomin majema da maƙera da 'yan gwanjo, a daidaita su, a tsara mazubai da Hausa waɗanda ɗan kasuwa zai iya cikewa da kansa. Ga ma'aikata kuwa, ya kyautu kowace ma'aikata ta kasance da mazubi guda na jerin kayan gwanjo, mai ɗauke da sunan wanda ya duba da ranar dubawa, a riƙa ajiye kwafinsa a fayil. Yayin da kayan Kano suke ƙara tashi daga Zawaciki zuwa hannun mutanen da ba su taɓa zuwa Kano ba, sunan garin a wurinsu zai dogara ne a kan ko abin da suka tarar a cikin kwantena ya dace da abin da suka karanta.